Faratan 'Yata

Yayata kitso take yi, ni ma haka, shago ɗaya, madubi ɗaya. Ba yabon kai ba, hannuna ya fi nata sauri, tsagata ta fi tata miƙewa. Amma mace za ta shigo ta tarar da kujerata babu kowa, ta ce, "Bari in jira Yaya." Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Tun muna yara haka take, ba ta da baki. Ta yi aure, mijin ya rasu, ba ta haihu ba, ta dawo ta kama mataji. Mace za ta sa kai a cinyarta ta ce ta sake kiran tsohon mijin da ya wulaƙanta ta, ko ta koma shan maganin barci. Yaya ba za ta ce kanzil ba sai ta kai ƙarshen layi, sannan ta ce, "To, me ya faru kafin nan?" Shi ke nan fa hikimar! Ni da nake ba su shawara kyauta, ko sannu.

Da 'yata ta gama karatun kwamfuta, kamfaninsu ya sa ta haɗa wata manhaja da mutum zai riƙa hira da ita a waya, ta taimaka masa ya bar halin da yake cutar da shi. Na ce to, ga ni uwarki, sai ki zo ki tambaye ni. Sai ga ta kullum a shagon da kwamfutarta, amma a gefen Yaya take ajiye kujera. "Inna, me ya sa kika yi shiru a nan? Inna, in ta yi ƙarya fa?" Ni kuwa sai, "Mama, miƙo caja."

Ranar da ta gwada mana, wata mai jiran kitso ta rubuta cewa ta sake yin caca a waya. Manhajar ta amsa: "To, me ya faru kafin nan?" Shago ya ɗauki dariya, Yaya ta rufe fuska da mayafi. Kishi ya turnuƙe ni har na ja gashin wadda nake yi wa.

Da suka watse na ce, "Ni da na haife ki, ba ki ɗauki komai nawa ba?"

Ta ce, "Na ɗauka, Mama. Na koya mata kada ta taɓa cewa 'ai na faɗa miki'."

Na buɗe baki, sai idona ya sauka a hannunta. Wannan yarinya tun tana rarrafe take cin farce, na buge hannun, na shafa masa maɗaci, na gaji. Ga faratan nan sun fito, goma cif.

"Wa ya hana ki?"

"Ba wanda ya hana ni," ta ce. "Inna ce dai ta tambaye ni me yake faruwa kafin in ci. Na ce mata in kin fara faɗa ne."