Gammon Mota

Ni dai ban taɓa zama lakol na yi boko ba, amma ban yarda akwai aikin hannu da ya fi ƙarfin idona ba. Wannan taƙamar ce ta ci mini tukunya.

Tukunyar ta uwata ce, babba, baƙa ƙirin. Da ita aka dafa mini ruwan jego, ni ma da ita na dafa wa ɗiyana biyu. Da autata ta haihu a Gangara cikin damina, na ce sai da ita za a yi mata wanka.

Ɗana direba ne a Gazawa, yana da wata ƙaramar mota mai jan ciki kamar kunkuru. Ya ce hanya ta zaizaye, sai an ɗaga motar kafin mu tashi. Na bi shi gareji, don makanike ba a bar masa mota babu ido.

Makaniken bai kai tsarana ba, amma gemu fari fat. Ya cire taya, ya nuna wa ɗana wani ƙarfe mai murɗe kamar awarwaro, wai risor. Akwai zobba biyu a jikinsa. Ya kama na ƙasa da kile, wata sifana mai ƙugiya, yana juyawa, yana awo daga mazaunin taya zuwa jikin mota.

Na ce, “Malam, wannan na saman fa, ajiyarsa kake wa jikokinka?”

Ya ce, “Hajiya, na ƙasa shi ke ɗaga mota. Na sama risor yake matsewa. In na ƙure shi, jaki za ki hau.”

Na ce, “Tun kana yawo ba wando nake ɗaure gadon igiya. Abin da ya lotsa tamke shi ake.”

“To, gadon naki yana zuwa Gangara?”

Ɗana ya yi dariya, na harare shi, ya haɗiye ta. Na kafe. Makanike ya dubi ɗana, ɗana ya dubi ƙasa. Aka tamke zoben sama, ina tsaye ina cewa a ƙara, har mutumin ya ce, “Na fita haƙƙinki.”

Na sa aka kwantar da tukunya a baya cikin ƙaiƙayi, na naɗe ta da tsohon zane. A kan kwalta ina ta hura hanci. Muna sauka hanyar ƙasa, mota ta fara tutsu. Kowane rami sai na ji shi a haƙorana, goron bakina ya faɗa cinya. Wajen wani kwazazzabo muka yi sama, muka dira, na ji ƙas daga baya.

Ba wanda ya juya. Can ɗana ya ce a hankali, “Inna, in za ki ɗauki tulu, gammo mai tauri kike naɗawa ko mai laushi?”

Tun ina ƙwaila nake ɗaukar ruwa a ka, na san tulu ba ya son gammo mai tauri. Ashe risor gammon mota ne, ni kuma na sa aka mai da shi dutse.

Tukunyar uwata ta rabu gida biyu. A rabin tano, wato duro, na maƙwabta aka dafa ruwan jegon. Kwana uku ungozoma in ta gama da autata sai ta juyo kaina, ta gasa mini ƙugu da sauran ruwan, tana tambaya wai cikinmu wa ta haihu.