Dattijon da Ke Neman Wasa Mai Sauƙi

Mai shagon kayan wasa tana kallon dattijon tun shigowarsa. Dogo ne, rigarsa ta sha guga, sai dai maɓallin wuyan ya shiga ramin da ba nasa ba. Yana ɗaukar kwali, ya juya, ya mayar. Yadda yake riƙe ɗan dara da yatsu biyu ya nuna mata tsohon gwani ne, irin wanda ake zagayewa a yi tsit ana kallo.

"Baba, wanne za a ba ka?"

"Wanda jikokina za su iya, 'yata. Amma kada babba ya ji an raina masa hankali."

Ta buɗe masa wani wasa na jera 'yan katakai masu launi, mai sauƙin koyo, mai wuyar ci. Ta yi bayani, ya gyaɗa kai, har ya nuna mata dabarar da ita ba ta taɓa hangowa ba. Can sai hannunsa ya tsaya cak, riƙe da jan katako. Idanunsa suna yawo a kan allon, gumi yana tsattsafo masa a goshi.

"Me kika ce ana yi da jan?"

Ta dube shi da kyau. Wataƙila a gida ma haka abubuwa suka fara kuɓuce masa, kuma bai gaya wa kowa ba. Ta maimaita a hankali.

Ya rungume kwalin, ya rage murya. "Yara ba sa gajiya da maimaita wa mutum, ko?"