Yatsun Iya da Dami na Goma

A gidanmu na Kademi, da an idar da sallar isha sai mu kewaye murhun kakarmu Dije, wadda muke kira Iya, tana gasa mana gyaɗa a toka. Da hannun hagu take juya ta, domin yatsu biyu na damanta a lanƙwashe suke. Mu kuwa marasa kunya har tsokanarta muke yi, muna kiran su ƙugiya.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ta dariya in tana ba mu. Wai an yi wani mai karɓar haraji, Mai Bulala, wanda ya yanka wa kowane gida dami goma na dawa. Wanda ya noma ɗari ya ba da goma, wanda ya noma goma ma ya ba da goma. Wata mata da mijinta ya rasu, goman nan cif ta samu. Aka kwashe tara, 'yarta ta rungume na ƙarshe, domin shi ne irin shukarsu na baɗi.

"Sai ya ce ta saki," in ji Iya. "Ta ƙi. Ya zane ta har rigarta ta jiƙe da jini, ta ƙi. Sai ya ɗauki taɓarya."

Ihun yarinyar ne ya fito da gari. Maza da sanduna, mata da itacen wuta, suka rufe shi da duka, suka zubar masa da haƙora, suka ja shi a ƙasa har bayan gari. Daga ranar dattawa suka tsayar: cikin kowane goma a ba da ɗaya, kowa gwargwadon abin da ya noma.

Mu dukan ne yake burge mu. "Iya, maimaita wajen haƙoran!"

"Ku dai kun cika sakarkaru," take cewa.

Bara, a taron ƙungiyarmu ta 'yan hatsi a Gaya, aka kawo shawarar kowa ya riƙa biyan kuɗi ɗaya, mai tirela da mai tiya biyar. Na miƙe na ce ban yarda ba, a yanka wa kowa bisa yawan kayansa. Raina ya ɓaci sosai, har na ba su tatsuniyar Iya. Wasu suka yi dariya.

Da aka tashi, wani tsoho ɗan garinmu ya riƙo hannuna.

"Kai jikan Dije ne ko? Wa ya ce maka tatsuniya ce? Ba ka taɓa duba hannunta ba?"

Shekara goma sha wani abu da rasuwarta, ranar na yi mata kukan da ban yi ba a jana'izarta. Yatsun nan, ƙugiya muke ce musu.