Malam Idirisu Mai Kaset da Ajiyar Larai

Kafin ƙarfe takwas Malam Idirisu ya share gaban rumfarsa da ke bakin tashar Dutse, ya jera rakoda biyu, ya soke biro a bayan kunne. Da biron yake naɗe zaren kaset idan inji ya tauna shi, ya liƙe wanda ya tsinke da ɗigon jan farce. Haka yake tun shekarar da aka ba mu jiha. Watan nan zai rufe rumfar don ido ya gaji, ni kuwa ban yarda ya tafi shiru ba.

Cikin ma'aikatan da suka cika gari a lokacin akwai Bitrus, direba, Kirista daga kudancin Bauci, da matarsa Larai, nas. Bitrus mayen kiɗan fank da sol ne na baƙaƙen Amurka, musamman faya-fayen da suke yi don Kirsimeti. Duk Disamba sai ya kawo faifan garmaho a juye masa a kaset, ya karɓi makirfo ya tsokani matarsa kafin kowace waƙa. Kaset bakwai suka yi haka, sai hatsari ya ɗauke shi a hanyar Ringim. Ko hoton kirki bai bari ba. Muryar nan ce kaɗai ta rage wa Larai.

Damina ta taɓa kaset ɗin, Larai ta kawo su gyara a kwali. Ana cikin haka aka fara shari'ar Musulunci a jihar, tsoro ya kama baƙi, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita ba shiri. Ta tagar mota ta ce wa Malam Idirisu, "Baba, ajiya ce, zan dawo."

A waccan shekarar kowa kawo kaset ɗin kiɗansa yake a goge a ɗora wa'azi. Malam Idirisu ya yi wa ɗaruruwa da farin ciki, ai kayansu ne. Sai wasu da suka naɗa kansu masu gyaran gari suka hango kwalin Larai. Ina zaune a bencinsa ranar.

Jagoransu, Hussaini, ya ce, "Malam, ka goge waɗannan ko mu ƙona su."

"Ba nawa ba ne."

"Kiɗan banza ne fa, na Kirsimeti ma!"

"Na ji. Ni ban taɓa rawa da shi ba. Amma a wane littafi ka karanta a ci amanar matar da mijinta ya rasu? Ɗauko mini in gani."

Ba su ɗauko ba har yau. Suka bi gari suna kiransa mai kiɗan coci. Mutane suka daina zuwa rumfar. Wani da na sani, har yanzu yana nan, ya janye kafaɗarsa daga tasa a sahun sallah. Wallahi abin ya ƙona mini rai! Na ce ya kai kwalin gida ya ɓoye, ya harare ni ya ce shi ba ɓarawo ba ne. A saman kanta ya aje shi, inda kowa zai gani, shekara uku.

Kai ne, Malam, ka fi su sanin shari'ar da suke ta ihu a kanta. Gagara-barazana! Ba ka ɗaga murya ba, ba ka kuma sunkuyar da kai ba.

Larai ta dawo wata Disamba da rana tsaka, ta rame, ba ta ma iya tambaya ba. Ya sauke kwalin, ya saka kaset ɗaya, ya danna rakoda. Ganga da ƙaho suka tashi, sai ga muryar Bitrus: "Larai, bar tukunyar nan ki zo mu taka!" Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana kuka.

Mun gode, Malam Idirisu, Allah ya ƙara lafiyar ido. Ku kuma masu karatu, idan aka ba ku ajiya, ku riƙe ta kamar yadda ya riƙe, ko da ba ku son abin da ke ciki, ko da mai ita ba ta bin alƙiblarku.