Butalin Mato

Kowa a Tajaye ya san tafiyar Zahara'u tun daga nesa, domin ba a taɓa ganin kanta ba kaya. In ba tulu ba to itace ne, ko ƙwaryar fura. Ko sabulu guda ta sayo a kanti, sai ta aza shi bisa ɗankwali ta taho tana kaɗa hannuwa. Mata na yi mata tsiya wai da gammonta aka haife ta, ita kuwa ko a jikinta.

Mijinta Mato manomi ne, da rani kuma yana kora wa mutane shanu zuwa kasuwar Illela. A can ne wani bijimi ya fizge igiya ya soke shi a ƙirji. Daga Illela aka tura su Konni, daga Konni aka ce sai Yamai.

Kafin a shiga da shi tiyata, likitan da ke sa mutane barci ya yi mata bayani da Hausa. Za su kwantar da huhun dama don a samu ɗinke shi, na hagu kaɗai za a riƙa hura wa iskar oksijin, ita ma a hankali, don in an matsa masa da yawa shi ma sai ya ji rauni. Zahara'u ta gane sarai: mata biyu ne ke daka, an ce ɗaya ta zauna. Aikin ya yi kyau. Aka fito da Mato da tiyo a tsakanin haƙarƙarinsa, tiyon ya gangara cikin wani butali, wato kwalba, mai ruwa da aka ajiye a ƙasa, yana tsotse jini da iska har huhun ya sake tashi.

Majo, wato babban ma'aikacin jinyar ɗakin, ya nuna mata butalin ya ce, "Kul ya wuce gwiwarshi. Kin jiya?"

Ta ce ta ji. Kuma wallahi ta ji.

Da aka ce Mato ya fara takawa, ita ta fita da shi baranda, butalin na hannunta can ƙasa yadda aka ce. Ba su yi nisa ba jiri ya kwashe shi, ya yi baya zai faɗi. Namiji kamar Mato ba a tare shi da hannu guda. Ba ta yi shawara da zuciyarta ba, hannunta ne kawai ya yi abin da ya saba tun tana yarinya: ta aza butalin a ka, ta rungume mijinta. Tana tsaye tana jin daɗin ta cece shi, ruwan nan mai jini yana bin tiyo yana komawa ƙirjinsa. Ihun majo ne ya dawo da ita hayyacinta.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe Mato, mugunya ta taru, aka sake buɗe shi. Huhun dama bai ƙara tashi yadda ya kamata ba. Likita ya ce mata ƙahon bijimin ma ƙazanta ne, ba mai iya rantsuwa daga ina cutar ta shiga. Zahara'u ba ta karɓi wannan rarrashin ba, tunda da idonta ta ga ruwan yana gangarawa.

Yanzu Mato na gida. Da damina yakan ɗauki hauya don kunya, amma kafin ya kai ƙarshen kunya ɗaya sai ya zauna yana haki. Zahara'u ce ke noma, ita ce ke kai gero kasuwa. Duk tarin da ya yi, a ƙirjinta take jin sa.

Ran nan ƙanensa Ubaidullahi ya dawo daga Yamai inda ya je karɓo magani, ya ce majo ya gaya masa an ɗaga butali. Inna Uwani, mahaifiyarsu, ta ajiye tasbaha ta ce, "Wa yay yi wannan aika-aika?"

Zahara'u na tankaɗe a gefe. Ta ajiye rariya, ta buɗe baki.

"Ni na, Inna," in ji Mato. "Ni niɗ ɗaga shi in ga abin da ka ciki."

Inna ta yi masa tatas. Ta ce tun yana yaro haka yake da karambani, ga shi ya ja wa kansa, ya ja wa ɗiyar mutane wahala. Mato ya sadda kai yana numfashi da ƙyar, bai ko dubi inda matarsa take ba.

Sai tsohuwar ta juyo ta kama hannuwan Zahara'u duka biyu, da garinsu da komai, ta ce, "Ke kau, ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Yadda kika riƙe mini shi, Allah shi ba ki masu yi miki haka nan."

Duk gidan aka shafa addu'a, ana jiran Zahara'u ta ce amin.