Koriyar Tagar Sitti

Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma iskar ta taso. Na riƙe lokacin ne domin agogon bangon ɗakin kakata ya faɗo a daidai nan ya tsaya, kuma ba wanda ya kai shi gyara. Ina zaune a ƙasa ina bitar darasi, ita tana kan darduma tana jan carbi. Ruwa ba ya yawan sauka a Makka, amma ran da ya ga dama ba ya sallama. Murfin taga ɗaya ya ɓalle ya faɗa lungu, ɗayan ya rataye yana bugun bango. Kafin mu ja katifa ruwa ya jiƙa ta, ya jiƙa littattafaina da ke kusa.

Gidanmu a Jarwal yake, tsohon gini da ya rage a tsakanin otal-otal. Kakata, wadda muke kira Sitti kamar yadda yaran unguwa ke kiran nasu kakannin, tana hawa na biyu. Tana amarya suka zo aikin hajji da kakana daga wani ƙauye na ƙasar Sakkwato, suka zauna, ba ta sake komawa ba. Ta baro ƙanwa ɗaya a can. Tagar ɗakinta ta katako ce mai ƙananan ramuka, mutum ya ga waje ba a gan shi ba, kuma kakana ya shafe ta da koren fenti tun kafin a haifi babana.

Wannan taga ita ce adireshin Sitti. Duk wanda zai taho hajji daga ƙauyensu, abin da ake faɗa masa ke nan: in ka je Jarwal ka nemi koriyar taga, ka tsaya ƙarƙashinta ka yi sallama da ƙarfi. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta na rarrabe bakin garinsu a cikin hayaniyar lungu. Sai ta amsa daga sama, ta zuro kwando da igiya, a saka mata saƙon ƙanwarta, kuka ko daddawa ko zane, sannan baƙin su hau su ba ta labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu. Na tashi ina ganin haka kowace shekara, har na daina lura da shi.

Babana direban motar kaya ne tsakanin Makka da Jidda, ba ya wuni a gida. Ya toshe wurin tagar da kwali da leda, ya ce tunda ni ce mai karatu, in bincika in zaɓo tagar da ruwa ba zai sake shigowa ba. Ina shekarar ƙarshe a sakandare, kuma ba a taɓa ba ni wani aiki da ya wuce wanke-wanke ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Na riga na san irin tagar da nake so. Gwaggona, ƙanwar babana, tana zaune a Jidda kusa da teku, inda iska ke da nauyi da danshi. A can katako kumbura yake ya ƙi rufuwa, ƙarfe ya yi tsatsa, gishiri ya cinye fenti, in hadari ya taso kuma iska ta turo ruwa ta kowace kafa. Ta sauya tagoginta duka. Da na je hutu wurinta, abin da ya fi burge ni shi ne shirun gidan. Ka rufe taga, duniya ta ɗauke. Ga wadda ta saba karatu da yatsa a kunne, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na zauna na yi bincike kamar zan shiga jarrabawa. Na koyi cewa ya kamata firam ɗin, wato zagayen tagar, ya zama na alminiyam mai rufin da gishiri ba ya ci, gilashin ya zama ninki biyu da iska a tsakani, a zagaye gefen da roba, a bar ƙananan kafofi a ƙasa inda ruwa zai tsiyaye waje. Na ƙi mai zamewa gefe, domin ruwa na taruwa a hanyarta. Na zaɓi wadda ake karkatowa daga sama kaɗai, ta buɗe faɗin tafin hannu, yadda iska ba za ta fizge ta ba. Na ce gilashin ya zama mai hazo saboda kada a hango mu daga otal ɗin da ke fuskantarmu. Na buga wa gwaggo waya, na tambayi malamar kimiyyarmu. Ita Sitti bayani na yi mata. Na zauna gabanta ina lissafa amfanin roba, tana gyaɗa kai tana cewa, "Ƙawata ta zama injiniya."

A shagon sayar da tagogi ban iya ɗaga kai na yi magana ba, da yatsa na nuna, babana ya maimaita. Mai shagon ya ce ko a bakin teku ba za a sami wadda ta fi wannan ba. Babana ya dube ni yana murmushi. A watan Shawwal aka kafa ta, fara tas. Ragowar koren katakon aka jefa a motar shara.

Ɗakin ya yi shiru kamar na gwaggo. Na kwaso littattafaina na dawo can gaba ɗaya. Ba ihun mai sayar da ruwa, ba ƙarar babur, ko kiran salla sai ka kasa kunne. Sitti ta fara tambayata ko an kira la'asar. Da farko takan je ta zauna a wurinta na da, ta shafa gilashin da tafin hannu, ta karkato shi, ta miƙa wuya wajen 'yar kafar da ke sama da kanta. Daga baya ta daina. Ta ce na saka ta a firij kamar nama, muka yi dariya. Nakan tambaye ta ko tagar ta yi mata, kullum amsarta ɗaya: Allah shi yi mini albarka. Na ɗauka yabo ne.

Alhazai suka fara cika gari. A farkon Zulhajji na sauko sayen burodi a kantin da ke bakin lungu. Mai kantin sabon zuwa ne, ba ya jin Hausa, mai kantin na da, wanda ya san mu, ya tashi tun da aka rushe ginin da yake haya. Yana miƙo mini burodin yana dariya, ya ce mutanenmu sun ba shi mamaki jiya. Wata tsohuwa da ƙunshi a ka, da wani dattijo, sun yi ta kai da komo a lungun suna duban tagogi. Suka tsaya a gindin bangonmu suna kira da yarensu har muryarsu ta dushe. Kwana biyu ke nan suna zuwa. Da ya ga sun gaji, ya yi musu nuni da hannu cewa an rushe gidaje da yawa a nan, suka tafi.

Na tambaye shi wane lokaci. Ya ce bayan la'asar.

Bayan la'asar ina cikin ɗakin, bayana jingine da bangon da ke ƙarƙashin tagar, ina karatu cikin jin daɗi. Sitti tana gefena tana gyangyaɗi.

Ban hau sama ba. Da burodin a hannuna na shiga masaukan alhazai na Jarwal ɗaya bayan ɗaya, ni da ban iya tambayar farashin kaya ba. Ina tsayawa a bakin ƙofa in faɗi sunan ƙauyen, Hausata na cakuɗe da Larabci. Wata hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, Bahaushiya ce ko Balarabiya? Buɗe baki mu ji." Matan suka yi dariya, ba ta mugunta ba, suka ba ni ruwa, suka tura ni masaukin gaba. A can aka ce in gwada na bayansa. Har magariba ban sami wanda ya san ƙauyen ba. Ba a jima ba aka kwashe kowa zuwa Mina. Bayan an sauko na sake zagawa, amma wasu sun wuce Madina, wasu sun kama hanyar gida.

Ni na faɗa wa Sitti, a gaban babana. Na so ta yi mini faɗa. Ba ta yi ba. Ta tambaya ko tsohuwar doguwa ce, na ce ban sani ba. Ta koma jan carbinta.

Babana ya yi ta neman lambar wani a ƙauyen, inda sai an hau tudu ake samun sabis. Da aka dace, muka ji cewa baƙin sun koma da ƙunshin, sun ce an rushe gidan, ba a san inda tsohuwar ta shiga ba, kuma ƙanwar Sitti ta yi ta kuka. Aka kai ƙanwar kan tudun aka ba ta wayar, aka manna wa Sitti tamu a kunne. Su biyun ba mai jin abin da ɗaya ke faɗa. Sallama kawai suka yi ta maimaitawa har layin ya katse. Na tashi na shiga kicin na tsaya a bayan ƙofa.

Daga ranar na daina karatu a ɗakin. Ko abinci zan kai mata, sai in ajiye in fita ba tare da na dubi wajen tagar ba. Ba wanda ya ɗora mini laifi a gidan, kuma hakan ya fi yi mini nauyi. Gwaggo ma da ta zo ziyara yaba tagar ta yi, ta ce ta fi nata.

Wata Juma'a da hantsi na sayo ƙaramin gwangwanin koren fenti. Na hau kujera, na zura hannu ta kafar sama, na shafa iya inda na kai, na shafa firam ɗin ta ciki. Fentin ya ƙi zama. Rufin da na zaɓa domin kada gishiri ya kama shi, fenti ma bai kama shi ba. Ya yi ta gangarowa yana ɗiga a kan gilashi da hannun rigata. Sitti ta shaƙi warin ta tambayi abin da nake yi. Da na faɗa mata, ta yi dariya har da tari, ta ce in sauko kafin in karye a ce ita ta ture ni.

Na sauko na zauna a gabanta, hannuna duk kore. Na ce, "Sitti, don Allah kada ki sa mini albarka yau. Ki faɗa mini gaskiya. Tagar nan ta yi miki?"

Ta lalubo hannuna ta riƙe, ba ta damu da fentin ba.

Ta ce, "Tagarki ba ta da laihi, ƙawata. Ta gidan gwaggonki ce, inda teku ka son shigowa a hana shi. Ni tun da munka zo garin ga, abin da ke waje nika jira shi shigo. Ki ce ma ubanki shi ciro min gilashin nan. In ruwa ya zo, mu ja katifa."