Maganin Inna Sa'adiyya

Inna Sa'adiyya, Allah ya jiƙanta, waina take toyawa a bakin kasuwar Roxy. Mijinta ɗan unguwar Treichville ne, ya rasu da wuri ya bar mata ɗa ɗaya, Nazir, da ɗakin haya a Williamsville. Duk gidan an san halinta, ba a yaba mata abu sau biyu. Ki ce mayafinta ya yi kyau, da shi za ki tafi. Ki ce kanki na ciwo, ta hau kwance bakin zane.

Da girma ya zo, tansiyo, wato hawan jini, ta kama ta har ta taɓa zuciya. Likita ya ce ƙwayar nan ta kullum ce, fashinta ganganci ne da rai.

Shekarar da Nazir ya biya mata Umra, maganin ne ya hana shi sukuni. Ya ji ana ƙwacewa a filin jirgi in babu takardar likita. Ya sa aka sabunta ordonans, takardar maganin, aka buga hatimi, ya sayi daidai na kwanakin tafiya, kowanne cikin kwalinsa.

"Maman, kar ki juye su a leda. Kuma don Allah, wannan ba goro ba ne."

"Tafi can! Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Ta wuce lafiya, ko jakar ba a buɗe ba.

A masauki duk tsofaffi ne a ɗakinsu, wannan jiri, waccan kumburin ƙafa. Inna Sa'adiyya ta ba wannan, ta ba waccan. Da kwali ya ƙare ta yi shiru, in ɗan ya kira ta ce lafiya lau. A Madina ta faɗi, a can aka binne ta.

Jakarta ta dawo da kwalaye babu komai, Nazir ya ɗauka ta shanye abinta, kwana ne ya ƙare. Sai ranar sadakar arba'in ga Hajiya Murja, abokiyar ɗakinta, ta zo gaisuwa tana dogara sanda. Ta kwance bakin zanenta.

"Ɗana, ga ragowar wanda ta ba ni, na ga ba haƙƙina ba ne. Duk ɗakin mun sha. Ta ce ka cika mata jaka har ya yi mata yawa."

Nazir ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana duban ƙwayoyin a tafinsa, sannan ya dubi tsohuwar.

"Haka ne, Hajiya," ya ce. "Da yawa na saya mata."